Jinjina Ga Masu Ƙirga Ɗigon Ruwa A Kan Yaranmu

Yabon gwani ya zama dole. Idan aka yi wa yaro tiyata ya tashi lafiya, likitan da ya riƙe wuƙa shi iyaye ke nema su yi wa godiya, kuma ya cancanci haka. Sai dai akwai wasu bayin Allah da ke tsaye a kan yaron tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata har kwanaki bayan an fito da shi, amma ba kasafai ake tunawa da su ba. Akwai ma'aikacin sa barci da ke zaune daidai kan yaro yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa. Akwai nas ɗin da ta lalubo jijiya a hannun da ya bushe ya yanƙwane. Akwai likitan da ya zauna da biro da takarda ya yi lissafi kafin ya rubuta irin ruwan da za a ƙara, da ma'aikacin ɗakin gwaji da aka taso da tsakar dare. Su ne abin jinjinarmu a yau, musamman waɗanda ke wannan hidima a manyan asibitocin Kazaure da Babura, da sauran cibiyoyin lafiya da ke karɓar yaran Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, tare da takwarorinsu na Kano waɗanda ake tura wa abin da ya fi ƙarfin gida.

A idon mai jinya, ƙarin ruwa duk ɗaya ne: leda a rataye, roba ta sauko, ruwa yana ɗiga. A idon wanda ya san aikin kuwa, kowace leda magani ce mai irinta da adadinta da lokacinta, kuma ledoji biyu masu kama da juna sak suna iya zama ɗaya waraka, ɗaya halaka, a jikin yaro guda. Jikin jariri sabon haihuwa kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ne, alhali na babba kimanin kashi 60 ne. Jariri mai nauyin kilo 3, duk jinin da ke jikinsa bai fi mililita 270 ba, wato rabin ledar ƙarin ruwa mai mililita 500 da ɗan ɗoriya. Ƙodarsa ba ta gama ƙosawa ba, ba ta iya fitar da rarar ruwa ko ta gishiri da sauri, sugan da hantarsa ta ajiye kuma ɗan kaɗan ne. Kuskuren da babban mutum zai shanye ya miƙe ya tafi kasuwa, shi ne zai kai jariri gargara. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi daidai, dare da rana, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba, ya yi abin a yaba masa.

Abu na farko da suka ciri tuta a kai shi ne haƙurin farfaɗo da yaro kafin a taɓa shi da wuƙa. Yaranmu ba kasafai ake kawo su asibiti da wuri ba. Wanda zazzaɓin taifod ya huda wa hanji, sau da yawa sai ya yi mako biyu yana fama, an sha jiƙe-jiƙe, an zaga kyamis-kyamis, sannan a ɗauko shi a kan babur daga wani ƙauye na Gwiwa ko Roni, wataƙila a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ya iso ciki a kumbure, ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke. Haka jaririn da hanjinsa ya shige cikin juna, haka mai gwaiwar da ta shaƙe. A wannan hali iyaye ba abin da suke so sai a shiga da shi yanzu-yanzu. Gogaggen ma'aikaci kuwa ya san maganin sa barci yana sassauta jijiyoyin jini, kuma yaron da jijiyoyinsa suka kusa ƙafewa, hakan na iya tsayar masa da zuciya tun ba a yanka ba. Sai ya fara ɗora shi a sikeli, domin da nauyi ake dukkan lissafi. Ya sa masa ruwa mai gishiri daidai da na jini, mililita 10 zuwa 20 a kan kowane kilo, ya dakata ya duba bugun jini da ɗumin tafin ƙafa, ya sake idan da buƙata. A zura roba ta hanci a zuƙe abin da ya taru a ciki, ana auna shi, ana mayar da madadinsa ta jijiya. A sa robar fitsari, a jira a ga yana fitar da kimanin mililita 1 a kan kowane kilo a awa guda. Sai an ga haka ake cewa bismillah. Akwai ma jaririn da ƙofar tumbinsa ta tsuke, mai feso amai 'yan makonni bayan haihuwa. Wannan sai an kwashe yini ɗaya ko biyu ana gyara masa gishirin jini kafin aiki, in ba haka ba numfashinsa na iya yin gardama bayan an gama. Awannin nan da mai jinya ke gani kamar jan rai ne, sau da yawa su ne sanadin farkawar yaro daga barcin tiyata.

Na biyu shi ne zaɓen irin ruwan, kuma a nan yabon ya fi nauyi, domin sai da likitocin duniya suka saki abin da suka saba da shi kusan shekara 50. A 1957 wasu likitocin yara biyu a Amurka, Malcolm Holliday da William Segar, suka fitar da lissafin yawan ruwan da yaro ke buƙata a yini: mililita 100 a kan kowane kilo na goman farko, 50 a kan kowane kilo na goma na biyu, 20 a kan abin da ya haura. Lissafin ya karɓu ko'ina, har gobe da shi ake aiki. Tare da shi aka ɗauki al'adar ba yara ruwa mai suga da gishiri ɗan kaɗan, irin ledar nan da ma'aikatanmu suka daɗe da sani mai sugan dekstros kashi 4.3 da gishiri kashi 0.18 cikin 100. Ga lafiyayyen yaro abin yana tafiya daidai. Yaron da aka yi wa tiyata kuwa jikinsa ya sauya hali. Yanka da raɗaɗi da tashin zuciya da wasu magungunan kashe ciwo duk suna sa jiki ya saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Sugan da ke cikin ledar jiki yana ƙone shi nan da nan, abin da ya rage kusan tsagwaron ruwa ne. Sai gishirin jini, wato sodiyam, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145, ya soma faɗuwa. Ruwa ya ratsa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, kamar waken da aka jiƙa a rufaffen kwano. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa ta fi ta babba cika ƙoƙon kai, saboda haka ba ta da wurin faɗaɗa. Daga ciwon kai da amai da yawan barci, sai jijjiga, sai ɗaukewar numfashi.

An sha wuya kafin a karɓi wannan darasi. A 1992 likita Allen Arieff da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar BMJ bayanin yara 16 masu ƙoshin lafiya waɗanda aka kwantar a asibiti, gishirin jininsu ya faɗi, wasu suka rasu, sauran suka samu lahanin ƙwaƙwalwa na har abada. A Ayalan ta Arewa sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 2004 kan rasuwar yara a asibitoci mai alaƙa da faɗuwar gishirin jini, rahotonsa da ya fito a Janairun 2018 ya duba rasuwar yara 5, ya kuma tabbatar da sakaci a kulawar da aka bayar. A Maris na 2007 hukumar kare lafiyar majinyata ta Birtaniya ta ba da umarnin a kwashe ruwa mai gishiri kashi 0.18 daga ɗakunan kwantar da yara, a bar shi sai a sassan ƙwararru. A 2015 wani bincike a asibitin yara na birnin Melbon na Ostireliya, kan yara kusan 700, ya nuna kashi 4 cikin 100 ne gishirin jininsu ya faɗi cikin waɗanda aka ba ruwa mai gishiri daidai da na jini, alhali kashi 11 ne cikin waɗanda aka ba mai rabin gishiri. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ma ta tsaya a kan wannan matsaya ga yara daga kwana 28 zuwa shekara 18.

Bambancin a fili yake ga mai duba rubutun jikin leda. Lita ɗaya ta ruwan gishiri mai kashi 0.9, wanda ma'aikata ke kira nomal salin, tana ɗauke da sodiyam 154. Ta Ringa laktet, wadda wani likitan yara Ba'amurke mai suna Alexis Hartmann ya inganta a farkon shekarun 1930, tana da kimanin 130, tare da fotashiyam da kalsiyam da sinadarin da ke rage tsamin jini. Tsohuwar ledar yara kuwa kimanin 30 kawai gare ta, ruwan dekstros zalla kuma ba shi da ko ɗaya. Ma'aikacin da aka horar da shi a kan tsohuwar hanya, ya ji hujja, ya sauya hannu ba tare da girman kai ba, ya yi jarunta irin wadda ba a buga wa tambari. Kuma masu wannan hali ba su tsaya a cewa ruwa mai gishiri shi ke nan ba. Sun san nomal salin in ya yi yawa yana ƙara wa jini tsami, shi ya sa a doguwar tiyata sukan fifita Ringa laktet. Sun san yaron da amai ya kwashe wa sinadaran tumbi, nomal salin ya fi dacewa da shi. Sun san ba a ƙara fotashiyam a leda sai an ga fitsari, ba a kuma tura shi da sirinji kai tsaye ko da wasa.

Batun suga ma sun riƙe shi da hannu biyu. Yaron da ke cikin barcin tiyata ba zai yi kuka ba idan sugan jininsa ya faɗi, ba zai nuna alama ba, sai dai a tashe shi ya ƙi tashi. Idan kuma suga ya yi yawa, sai ya jawo fitsari barkatai ya ƙara busar da jiki. Shi ya sa ƙwararrun masu sa wa yara barci na Turai suka daidaita a 2011 cewa ruwan da ya fi dacewa a lokacin aiki shi ne mai gishiri daidai da na jini, da suga ɗan kaɗan, kashi 1 zuwa 2.5 cikin 100. Irin wannan leda haɗaɗɗiya daga masana'anta ba ta wadata a wajenmu ba, amma mai dabara yakan haɗa ta da kansa: mililita 10 na dekstros mai kashi 50 a cikin ledar Ringa laktet mai 500, ya ba da kusan kashi 1, ya rubuta a jikin ledar domin na bayansa ya sani. Jariri ɗan kwanaki kuwa hukuncinsa daban, shi yana buƙatar dekstros mai kashi 10, ana tsira masa ɗan yatsa ko dunduniya lokaci-lokaci ana aunawa.

Sai kuma masu ƙirga ɗigo, mafi yawansu nas-nas masu aikin dare. An sauƙaƙa lissafin Holliday da Segar zuwa na awa: 4, 2, 1. Yaro mai kilo 15, goman farko sau 4 ya ba da 40, biyar ɗin da suka rage sau 2 ya ba da 10, jimla mililita 50 a awa. Ke nan leda ɗaya mai 500 awa 10 za ta yi a kansa, kuma bayan tiyata akan rage ma daga wannan adadi saboda ƙoda na riƙe ruwa. A inda akwai na'ura, maɓalli ake latsawa. A inda babu, nas ce na'urar. Idan da robar yara mai ma'auni, wadda aka fi sani da Soluset, ɗigo 60 ne mililita ɗaya, sai ta saita ɗigo 50 a minti. Idan ta manya ce kawai ta samu, mai ɗigo 20, sai ta tsaya da agogo a hannu ta nemi ɗigo 17 a minti, ta kuma dawo ta sake dubawa, domin yaro yana lanƙwasa hannu ruwa ya tsaya, yana miƙewa ya kwararo. Ta rubuta abin da ya shiga, ta rubuta abin da ya fita, ta duba fatar ido ko ta kumbura, ta saurari numfashi. Baiwar Allah da ke yin haka a ɗaki cike da gadaje, wani lokaci da hasken tocilan waya, ba ta buƙatar a yi mata ado da kalmomi. Aikinta ya isa shaida.

Wani abin yabon shi ne sanin cewa yaranmu suna da nasu larurori da ba kowane littafi ya yi la'akari da su ba. A 2011 aka fitar da sakamakon babban binciken da Farfesa Kathryn Maitland ta jagoranta a asibitoci 6 na Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, da yawansu masu maleriya da ƙarancin jini. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, kashi 10.5 cikin 100 suka rasu cikin awa 48. Waɗanda aka bi a hankali, kashi 7.3. Binciken bai haɗa da masu gudawa ko ƙuna ko tiyata ba, don haka bai hana farfaɗo da yaron da ruwan jikinsa ya zube ba. Abin da ya koyar shi ne a tambayi dalili kafin a buɗe roba. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa zuciyarsa ba ta ɗaukar nauyi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sa masa ruwa ta jijiya sai in ya galabaita ƙwarai, a lokacin ma mililita 15 a kan kowane kilo cikin awa guda, ana duba bugun jini da numfashi kowane minti 5 zuwa 10. Mai amosanin jini, wato sikila, bushewa tana tayar masa da ciwo, yawan ruwa kuma yana cika masa huhu, sai an bi tsaka-tsaki. Wanda jininsa ya yi ƙasa kuwa, jini yake buƙata, ruwa ba ya maye gurbinsa. Rarrabe waɗannan a tsakiyar dare, cikin gaggawa, ilimi ne da basira.

Wannan ilimi ba daga sama ya faɗo ba, don haka malaman ma suna da kasonsu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe yana yaye likitocin tiyatar yara, kuma daga can ne Farfesa Emmanuel Ameh ya yi fice, wanda ke cikin editocin babban littafin tiyatar yara da aka rubuta musamman domin Afirka a 2011. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, shi ne madogarar yankinmu wajen horo da karɓar manyan larurori. A gida kuma, makarantun koyon aikin jinya da ungozoma na Birnin Kudu da Haɗeja da Babura suna fitar da 'ya'yanmu masu jin harshen marasa lafiya, masu sanin al'adarsu. Gwamnatocin Jigawa da suka faɗaɗa waɗannan makarantu sun yi abin kirki, yaba kyauta kuwa tukwici ne.

Amma yabon da bai zaburar da mai shi ba, bai cika ba. A 2024 mujallar Lancet ta wallafa binciken da ya bi diddigin yara 8,625 da aka yi wa tiyata a asibitoci 249 na ƙasashen Afirka 31. Kashi 18 cikin 100 sun samu matsala bayan aiki, kashi 2.3 sun rasu, wato kusan ninki 11 na abin da ake samu a ƙasashe masu arziki. Sanadin yana da yawa: jinkirin zuwa asibiti, ƙwayoyin cuta, ƙarancin jini, ƙarancin ma'aikata. Sai dai a cikinsu duka, gyaran batun ƙarin ruwa na daga mafi arha da mafi saurin yiwuwa. Nijeriya ta fitar da tsarin ƙasa na tiyata da sa barci da jinya na 2019 zuwa 2023, wanda ya ba tiyatar yara gurbi na musamman. Wa'adinsa ya cika, aikin da ya zayyana kuwa yana nan yana jiran mai yi.

Nauyin farko yana kan Ma'aikatar Lafiya ta jiha da shugabannin asibitoci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk asibitin da ke yi wa yara tiyata ya kamata a same shi da Ringa laktet da nomal salin da dekstros mai kashi 10 da mai kashi 50 a cikin sito, kada a tura uba cikin dare ya zaga gari da takarda, ya dawo da ledar da mai shago ya ce ai duk ɗaya ne. A samar da robar yara mai ma'auni, da ƙananan kanuloli, mai ruwan ɗorawa da shuɗiya, da sikelin jarirai da na manyan yara, da na'urar awon suga wadda tsinkenta ba ya yankewa. A sayo na'urorin tura ruwa ko da kaɗan ne domin jarirai, a haɗa su da lantarki mai aiki da hasken rana. Sama da komai, a tsayar da ɗakin gwajin da zai iya auna sodiyam da fotashiyam a kowane lokaci. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2015 ta nemi a auna gishirin jini da sugan yaron da ke kan ƙarin ruwa aƙalla sau ɗaya a kowace awa 24. Likitan da ba shi da wannan awo, komai gwanintarsa, laluben duhu yake yi.

Nauyi na biyu yana kan ma'aikatan da kansu, kuma mun san za su karɓe shi da kyakkyawar fuska. Ledar nan mai ƙarancin gishiri har yanzu tana kasuwa, kuma sabo yana da ƙarfi. Ya kamata kowane asibiti ya rubuta ƙa'idarsa a takarda ɗaya, a manna ta a ɗakin tiyata da ɗakin yara: wane ruwa, nawa, zuwa yaushe, me za a duba, wa za a kira. A keɓe ruwa mai ƙarancin gishiri a wuri na daban, kada a ɗauko shi sai da sa hannun likita. Idan aka rasa yaro ko ya shiga wani hali, a zauna a duba takardar ruwansa domin a koyi darasi, ba domin a nemi wanda za a ɗora wa laifi ba. A kuma sake duba tsawon lokacin da ake hana yaro ci da sha kafin aiki. Ƙa'idar da aka daɗe da sani ita ce awa 6 ga abinci, 4 ga nonon uwa, 2 ga ruwa garai, kuma tun 2018 ƙungiyoyin masu sa wa yara barci a Turai suka rage na ruwa zuwa awa 1 ga aikin da ba na gaggawa ba. Yaron da aka hana komai tun tsakar dare, aka shiga da shi bayan azahar a tsakiyar bazara, ya riga ya bushe kafin a fara. Bayan aiki kuma, da zarar cikinsa ya karɓi abin sha, a cire roba. Idan tura shi Kano ya zama dole, tafiyar kusan kilomita 80 ce daga Kazaure. A tura shi da jijiya a buɗe, da rubutaccen bayanin irin ruwan da aka ba shi da yawansa, da ma'aikacin da zai raka shi, jariri kuma a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan mutum ɗaya ne ke sa barci a asibiti, shi ne da rana, shi ne da dare. A ƙara ɗaukar ma'aikata, a tura nas-nas su ƙware a fannin sa barci da jinyar yara, a riƙa sabunta musu ilimi, a kuma kyautata musu albashi da muhalli yadda mai ƙwarewa zai ga dalilin zama a Babura ko Gwiwa maimakon neman hanyar birni ko ƙasar waje.

Mu iyaye ma da namu. Yaron da cikinsa ya kumbura, ko yake amai kore, ko zazzaɓi ya haɗu masa da ciwon ciki mai tsanani, asibiti ne wurinsa a ranar, ba gobe ba. Mu bar al'adar kai yaro a sa masa ruwa a shago ko a tsakar gida don ya ji ƙarfi. A asibiti, kada mai jinya ta taɓa maƙunnin roba don ruwa ya yi saurin ƙarewa a tafi gida. Idan aka tambaye mu yaushe yaro ya ci ko ya sha, mu faɗi gaskiya, domin a kan amsar nan ake gina shawara. Uwa ta lura da yawan fitsarin ɗanta, ta sanar da nas nan take idan ya soma kukan ciwon kai, ko amai, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko fuska ta kumbura. Idan aka nemi jini, dangi su miƙa hannu kada su zame.

Masarautar Kazaure a ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Najib Hussaini Adamu, da Masarautar Ringim wadda Babura ke cikinta, suna da bakin da jama'a ke ji, haka limamai da masu unguwanni. Kalma ɗaya daga gare su kan kai yaro asibiti da wuri ta fi tallar rediyo goma. Attajiranmu da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da masu kula da zakka da waƙafi kuma su sani cewa katan na robar yara mai ma'auni, ko na'urar awon gishirin jini guda ɗaya, sadaka ce mai gudana wadda kuɗinta bai kai na bikin aure ɗaya ba.

Ga ma'aikatan tiyatar yara na ƙasar Kazaure da maƙwabtanta, muna cewa sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira, ya tsare hannuwanku daga kuskure. Kun nuna abin da za a iya yi da kaɗan. Abin da muke fata kafin bazara mai zuwa shi ne kowane asibiti a yankin nan ya iya amsa tambayoyi uku ba tare da inda-inda ba: an auna nauyin yaron nan, ruwan da ya dace da shi yana cikin sito, kuma za a iya auna gishirin jininsa yau? Ranar da amsar ta zama e a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, jinjinar za ta haɗa da gwamnati da masarauta da iyaye baki ɗaya. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya raya mana su.